Tafin Hannun Kawu

A shekarun da aka fara aiki da shari'a a jihohinmu, ƙanena yana ajin ƙarshe a makarantar fasaha. Aikinsa na kammalawa shi ne ya haɗa zaren rama da ruwan roba ya fitar da allon silin. Ya ce mini roba ba ta kama zaren da kyau sai an jiƙa shi a ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Ina hutu a Daura lokacin, na raka shi ƙauyenmu ta wajen Sandamu.

Kawu, yayan mahaifiyarmu, da tufkar igiya yake ci da iyalinsa. Masu shanu a kasuwar Mai'adua sun san igiyarsa. Shi ya jiƙa mana ramar a kududdufi, ya ɓare ta, ya shanya.

Ranar aikin, ƙanena ya kaɗa soda a rabin ganga, ya sa safar hannu. Tasa kaɗai ya zo da ita. Yana juya zaren da sanda, zaren yana cukurkuɗewa.

"Matsa, ɗan boko," in ji Kawu. "Wa ya taɓa tambayar rama da sanda?"

"Kawu, ruwan nan yana cin fata."

"Tun uwarku tana goye nake cikin ruwan rama. Matsa."

Sau ɗaya ƙanena ya faɗa, bai maimaita ba. Kawu ya zura hannu har gwiwa, yana warware zaren sili-sili. Can ya ɗauko kaɗan ya murza a cinyarsa da tafin hannu, yadda matufka ke gwada zare.

"Ji santsi, kamar sabulu!" Yana dariya.

Ƙanena yana duba agogo yana rubutu. Ni ina zaune a inuwa.

A motar komawa Daura ƙanena ya gaya mini cewa santsin nan fatar Kawu ce take narkewa. Na tambaye shi me ya hana shi janye tsohon. Ya ce da sanda zaren ba zai jiƙu daidai ba, kuma sodar ke nan, ba shi da wata.

Kwana uku tafin hannun Kawu ya saluɓe. Aka naɗe masa hannayen biyu a asibiti. A lokacin ba a da hira sai ta yanke hannun ɓarawo, don haka da ya leƙa kasuwa abokan wasansa suka samu abin yi.

"Malam, duka biyun? Me ka sata haka?"

"Ragon alƙali ne, wallahi!" in ji wani daga cikinsu.

Ya yi dariya tare da su. Da fatar ta warke sai ta tattare, tafin ya ƙi buɗuwa sosai. Zare ba ya murzuwa a irin wannan hannu.

Allon ƙanena ya jure nauyi fiye da na zaren da ba a jiƙa ba, ya ci jarrabawarsa. Ya kawo wa Kawu guntun allon tsaraba. Kawu ya juya shi, ya ce Allah ya yi albarka, ya sa aka rufe bakin randa da shi.

Na koma ƙauyen gaishe shi, da zan tafi ya kira ni bakin rijiya. Ya sayo igiyar roba shuɗiya a kasuwa. Ya miƙo mini bakinta da gugar.

"Ɗaura mini. Ka ja ƙullin sosai, wannan tana zamewa."