Ranar da kifi ya tsamo Sarkin Ruwa

Malam Hambali, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta, mutumin ƙasar Zandam ne, wani ɗan ƙauye a bakin kogi. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, ga tafin ƙafa kamar faifai. Da damina ya yi noman gero da dawa kamar kowa, da rani ya yi su. Amma ba da wannan aka san gidansu ba. Tun kakansa su ne masu tsamo mutane. In kogi ya kawo, kwalekwale ya kife, ko saniya ta ja makiyayi cikin gurbi, gidansu ake rugawa. Shi ya sa ake ce masa Sarkin Ruwa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani.

Wasu sukan ce asiri gare su. Shi kuwa cewa yake ba abin da ya gada sai Bisimilla da doka biyu. Ba a yin fito da baki a bakin ruwa. In kuma ka ji ihu daga cikin ruwa, ba ka tsayawa tambayar wane ne, ba ka tsayawa cire riga. Ubansa na kwance ciwon ajali ya riƙe hannunsa ya sa shi ya ɗauki wannan alkawari. Ya kuwa riƙe. Ya tsamo mata, ya tsamo tsofaffi, har jakin wani mai gishiri ya taɓa tsamowa da mangalarsa. Duk wanda ya tsamo, ranar Sallah sai ya zo gaisuwa da ɗan goronsa. Haka al'adar take.

To, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Aka kai shi asibitin Birnin Kudu. Suka duba suka ce na hagu ya riga ya mutu, sai haƙuri, na dama ne kaɗai in an yi aiki zai iya buɗewa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don mai tsamo mutane in ba ya ganin inda kai ya nutse, me ya rage masa?

Yana da ƙane, Alhaji Badaru, wanda ya tafi Kano tun yana saurayi, lokacin arzikin mai kuwa Allah Ya buɗa masa, ya zama ɗan kwangilar kwalbati. Badaru ya zo ya ce Ingila za shi sayen injuna, tare za su tafi a gyara idon a can.

Matarsa Kubra ta ce, "Malam, kai da ko Kano sau biyu ka taɓa zuwa?"

Ya ce, "To ya zan yi, Kubra? Ido ɗaya ya rage mini."

Ta ƙulla masa ƙuliƙuli da kuka da daddawa, suka tafi.

Tun da suka sauka kansa ya ɗaure. Ya nemi gabas ya rasa, rana kullum tana bayan gajimare. Ya yi Magariba, ya zauna ya zauna, gari bai yi duhu ba, ya tashi ya sake. Sanyi kuwa sai da Badaru ya saya masa wata ƙatuwar kwat mai nauyin buhu, yana ɗorawa a kan babbar riga. Aka yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Ranar da aka kwance bandeji aka sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, sai ga hannunsa, har layukan tafinsa yana gani. Ya yi ta kabbara. Ya sa Badaru ya ɗaure masa tabarau da zare ta ƙeya don kar ya faɗi.

Likita ya yi gargaɗi, Badaru na fassarawa: sati shida kada ɗigon ruwa ya shiga idon nan. Ko alwala sai dai ya shafa a hankali. In ruwa ya shiga, ba mai iya cewa ga abin da zai faru.

Badaru ya ce, "Yaya, ka zama mai jego ke nan, sai dai kai naka jegon ba wanka."

Ya ce, "Gidanku." Ya manta gidan ɗaya ne.

Kwana goma sha biyu da aikin, Badaru ya ce bari ya kai shi ya gwada sabon ido. Suka shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari a bakin teku. Malam Hambali ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Badaru ya ce babu. Ya ce, "Idon dai bai gama warkewa ba."

Suka shiga wani gidan kallon dabbobin ruwa. Kifaye a bayan gilashi, ja da shuɗi da mai zane, an ƙosar da su sun yi ɓul-ɓul. Ya tambaya yaushe ake kwashe su. Aka ce ba a kwashewa. To wa ke ci? Ba kowa, kallo kawai.

Daga nan suka fita wani fili mai kujeru hawa-hawa, a tsakiya an gina tafki da siminti, ruwan garau har ƙasa. Badaru ya samo musu kujerar gaba saboda idon. Wata Baturiya ta fito da wasu baƙaƙen kaya sun manne mata kamar fatar kwaɗo. Ya yi istigfari ya kawar da kai. Sai ta sa usur a baki ta busa, a kan ruwa, tsaye!

Ya damƙi hannun Badaru. "Fito take yi? Tashi mu tafi."

Bai rufe baki ba ruwa ya tsage. Wani abu mai launin toka, ya fi mutum tsawo, ya yi sama ya juya ya koma. Wani ya biyo shi. Malam Hambali ya karanto duk abin da ya zo bakinsa.

"Ka gani ko? Ta kirawo su."

"Yaya, dabba ce. Dolfin sunanta."

"Kifi ne?"

"Wai ba kifi ba ne. Nono yake ba 'ya'yansa."

"To ayu ne."

"Ba ayu ba ne."

"Ina hancinsa?"

"A tsakar ka."

"Badaru, kai fa tun kana yaro ka iya ƙarya. Yanka shi ake yi ko haka ake ci?"

"Ba a cinsa. Aiki yake a nan. Ka ga, in ya yi tsalle sai ta ba shi kifi."

"Kifi, ana biyansa lada da kifi?"

Aka ci gaba. Suka yi ƙwallo, suka ratsa zobe, ɗaya ya miƙe a kan jelarsa yana tafiya da baya. Wani mutum yana ta magana ta lasifika cikin Turanci, jama'a na dariya. Daidai nan Badaru ya juya baya yana saya musu shayi a wurin mai yawo da tire, bai fassara ba.

Baturiyar ta hau wani katako da ya miƙa tsakiyar tafki. Ta yi taku uku, ƙafarta ta zame, ta faɗa. Ta ɗago tana dukan ruwa da hannu biyu, ta ƙwalla ihu, ta nutse.

Malam Hambali ya duba dama ya duba hagu. Mutane sun fi na kasuwar Gwaram, ba wanda ya motsa, wasu ma dariya suke. Hannunsa ya kai kan tabarau. Ya tuna likita, ya tuna layukan tafinsa, ya ce a ransa ai dole akwai mai tsamo mutane a gidan nan. Kanta ya sake ɓullowa, ta sake ihu. Daga baya ya sha faɗa cewa bai san lokacin da ya haye shingen ƙarfen ba. Bisimilla kawai ya ji a bakinsa.

Ruwan nan gishiri ne, ga sanyi, ga warin magani. Ba ya gudu gabas, ba ya gudu yamma, shi kuwa duk rayuwarsa da gudun ruwa yake gane inda mutum ya nufa. Ya dai cim mata, ya kama gashinta ta baya yadda ubansa ya koya masa. Ta fizge, ta fi shi ƙarfi. Kwat ta sha ruwa, babbar riga ta naɗe masa ƙafa, ya ji yana yin ƙasa. Shekara arba'in yana shiga ruwa, ranar ya fara sha.

Sai ya ji wani abu mai santsi ya shiga ƙarƙashin hamatarsa ya ɗaga shi. Aka yi ta tura shi, ana tura shi, har ƙirjinsa ya bugi siminti. Ya riƙe ya juyo. Zaren nan ya riƙe tabarau. Ga fuskar abin dab da tasa: dogon baki a buɗe, ƙananan haƙora a jere kamar matsefi, ɗan ido yana kallonsa. Wani rami a tsakar kansa ya buɗe ya huro masa numfashi mai ɗumi. Malam Hambali ya rasa abin yi, sai ya yi masa sallama.

Jama'a suka miƙe suna tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Aka jawo shi waje. Baturiyar ta fito da kanta tana faɗa, Badaru ya iso shayi duk a rigarsa, yana ba da haƙuri yana nuna idon. Da ta gane, sai ta rufe baki da hannu ta fara hawaye.

Malam Hambali ya ce wa Badaru, "Tambaye ta, ta sha ruwa da yawa?"

"Yaya, wasa ne! Faɗawa take da gangan don dabbobin su tsamo ta. Kullum sau uku."

"Sau uku? Kullum? Ba ta da iyaye ne?"

Kafin su koma masauki ido ya yi jawur. Kwana uku ya fara ruwa. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, allura da magani ba irin wanda bai ba shi ba, amma Allah bai nufa ba. Hasken ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Da suka dawo gari ya cika da 'yan sannu da zuwa. Kubra ta ji labari daga bakin Badaru, ta ce, "Malam, ka je neman ido, ka je ka ba kifi?" Ta yi kuka, ta share hawaye, ta kama sandarsa.

Ya yi shekara tara bayan nan. Yakan zauna gindin tsamiya a bakin kogi yana saƙar komar kamun kifi da laluben hannu, in ya ji motsin da bai yarda da shi ba ya ƙwala wa masunta kira. Ya tambayi liman ko ihun ƙarya yana cikin alkawarin da ya ɗaukar wa ubansa. Liman ya ce Allah niyya Yake dubawa. Ya ce wannan ya sani, abin da bai gane ba shi ne mutane su zauna a kujera su kalli mai nutsewa suna dariya, dabba kuma ita ce mai tsamowa.

Badaru duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Yaya, da na gaya maka wasa ne."

Shi kuwa ya ce, "Da ka gaya mini, da na zauna? Wallahi ban sani ba. Ihun fa irin na gaske ne."

Ranar Sallah waɗanda ya tsamo ba su fasa zuwa da goronsu ba. In sun watse sai ya laluba ya zaɓi babba guda, ya ce Kubra ta kai shi bakin ruwa. Liman ya ja masa kunne kada mutane su ce tsafi ne. Ya ce shi ba roƙon kowa yake ba sai Allah, gaisuwa ce, shi ma an tsamo shi. Yakan jefa goron, ya kasa kunne har ya ji faɗuwarsa, sannan ya ce, "Kubra, kogin nan kuwa yana kaiwa can?"

Takan ce, "Oho, Malam. Ni ina na sani?"