Maiwada Magini da Indararon Alhaji Jibrilla

Maiwada magini ɗan Giwa Tazo ne, can ƙasar Maiyama, amma a Jega ya tsufa. Wajen mahaifinsa ya gaji gini. Ya iya tubali ya iya yaɓe, da bulo ya shigo kuma ya zauna ya koya. Gajere ne, ba mai yawan magana ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne gane hanyar ruwa: ko da rani ya shiga gida, zai dubi ƙasa ya faɗa maka inda ruwan damina zai bi.

Ni Ummaru mahauci, katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Alhaji Jibrilla, mai motocin da ke jigilar albasa daga Aliero. Shekara guda bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Alhaji ya rushe tsohon soronsa ya yi ginin bulo da rufin kwano. Maiwada ne ya yi aikin. Da damina ta sauka, sai ga ruwan rufin nan duka yana zuba ta indararo biyu a gindin katangarmu, daidai bayan ɗakin mahaifiyata, Inna Dije. Sau biyu ina yi wa Alhaji magana, yana ce mini ruwa na Allah ne. Cikin marka, wata Talata da hantsi, bangon ɗakin ya zube. Allah ya kiyaye, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe.

Mai unguwa ya kasa sasanta mu, na kai ƙara gaban alƙali. Alhaji ya ce tun zamanin kakansa ruwan gidansu ta nan yake bi, kuma ba a tare tsohuwar hanyar ruwa. Alƙali ya ce haka ne in maganar ta tabbata, ya nemi shaida. Sai Alhaji ya kawo Maiwada. Na ɗauka bayan Alhaji zai bi, don na san yawancin aikin da yake samu ta hannun Alhaji yake zuwa.

Alƙali ya tambaye shi ina indararon tsohon soro yake kallo.

"Allah shi gafarta Malam, titi yake kallo," in ji Maiwada. "Ni na juya ruwan wanga gefe, don aikin ya fi sauƙi haka. Alhaji bai sa ni ba, bai kuma hana ni ba. Na san zai yi ɓarna, na yi shiru."

Alƙali ya yanke cewa tunda hanyar sabuwa ce, kuma daga rufin Alhaji cutar ta fito, shi zai kawar da ita ya tada bangon da ya faɗi. Nan take Maiwada ya ce Alhaji ya kawo kayan aiki kawai, aikin hannu nasa ne.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a gidanmu. Ya maida indararon titi, ya haƙa lambatu har bakin kwalbati, ya gina ɗakin Inna ya yi masa dakali a gindi. Inna takan dama masa fura, ya sha ya koma bakin aiki.

Abin ya jawo masa. Alhaji ya daina ba shi aiki, abokansa ma suka bi sahu. Wajen shekara biyu Maiwada yana yawon gina rumbuna a Gumbin Kure da Birnin Malam. Na taɓa ba shi haƙuri a kan haka, ya ce ai shi ya juya indararon, ba ni ba.

Daga baya alƙalin ya riƙa aika shi duba gidaje duk lokacin da maƙwabta suka kawo rigimar ruwa, mutane kuma suna yarda da abin da ya gani. Inna ta ƙara shekara tara a ɗakin nan, ko ɗigo bai taɓa shiga ba. Har ta rasu, in ta idar da salla tana yi wa 'ya'yanta addu'a, sai ta sa sunansa a ciki.