Inna Hansai da Ragowar Rumana

Kullum da hantsi, idan ta idar da walaha, Inna Hansai takan ɗauki 'yar fartanya ta zaga bayan gidanta a ƙarshen Malali. Gwiwa ta ƙi, saboda haka a zaune take aikin, tana jan jiki daga kunya zuwa kunya. Ba dawa ta shuka ba, ba kuɓewa ba. Rumana ce, furen dajin nan mai ganye kamar takobi da kai irin na albasa, wadda a da, in damina ta yi nisa, take ƙawata fili daga bakin kogi har Mando. Yaran yanzu ba su san ta ba. Katafila ta riga su.

Sana'arta sayar da magani a kasuwar Kawo, kuma wajen neman saiwa ta san dajin. Da aka fara share filaye, sai ta riƙa shiga gaban katafila tana tono. Wani direba, Audi, ya ce ya taɓa kashe inji yana zazzaga mata masifa, ko kai ba ta ɗaga ba sai da ta cika zane. Ta kwaso ta fadamar Malali, ja ƙatuwa. Ta Mando, mai ɗige-ɗige. Da wata 'yar koɗaɗɗiya ruwan ɗorawa daga tsakuwar Katabu.

An rene mu a kan cewa iri zaɓensa ake yi: ka ware zangarniya mafi kyau, ka cinye sauran. Haka kowa ya yi da rumanar Hansai. Matan ma'aikata da na malamai duk ja suke so a tsakar gida, kuma daga uwa ɗaya aka yi ta ɓallo musu.

Maƙwabciyarta Hajiya Safiya ta ce, "Inna, wannan ta Katabun kamar mai ciwon shawara. Tuge ta ki huta mana."

"Ke ma ranar da aka haife ki ba ki fi ta kyau ba, aka bar ki."

"To me take tsinana miki?"

"Oho. Tare na same su."

Sai ga farin shekarar saba'in da uku, ruwa ya ɗauke. Jar nan 'yar fadama ce, ba ta san ƙishi ba. Ta ƙone a kowane gida, har a na Hansai. Inna ta koma fadamar neman wata, ta tarar da harsashin gini. Jar Malali ke nan, ta tafi, sai ɗan abin da ƙudan zuma ya gauraya na jininta a cikin 'ya'yan sauran. Mai shawarar ce ta rayu. Nan take mutane suka juya: ashe ta Katabu ce iri! Damina biyu bayan haka ruwa ya yi yawa, mafi yawan ta Katabu ta ruɓe, ta Mando ta tsaya. Duk wanda ya ce ya san wadda baɗi za ta bari, faɗa kawai yake yi.

Inna Hansai, ke ce kika ƙi zaɓe lokacin da kowa ke zaɓe. Uwar marasa kyau! Ba ki ceci duka ba, kuma kin sani. Masu ɗiban ruwa sun gan ki tsaye a kan harsashin nan kina share ido da bakin mayafi.

Yanzu masu awo sun kafa turaku a bayan gidanta. Hanya za ta bi ta kan kunyoyin kafin ruwan farko. Inna ta tone kawunan kaf, ta zuba a buhu ɗaya, ta girgiza. In ba su shiga ƙasa bana ba, shi ke nan, kuma ita ba ta da wani filin.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sassauta gwiwar. Ku kuma masu ɗan sarari a bayan ɗaki, ku je Malali, buhun yana nan kusan a cike. Zuwa yanzu Hajiya Safiya kaɗai ta je. Ta buɗe bakinsa za ta leƙa, Inna ta buge mata hannu.

"Kau da kai, Hajiya. Zura hannu kawai."