Igiyar da Na Ƙi Ɗaurewa

Gonarmu tana hayin dam, gidanmu kuma yana wannan gefen. In za a bi ta ƙasa sai an yi dogon zagaye ta wani daji da mutane suka daina son ratsawa da kaya. Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ban sami aiki ba, sai na ɗauko kwale-kwale biyu da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, na jera su, na haɗe da katakai, na kafa sanda a tsakiya na ɗaura tamfol domin iska ta riƙa tura su. Ba ni na ƙirƙiro ba. A waya na gani, na yi ta kallo har na ji kamar na gane.

Igiyar da ke riƙe gindin tamfol ɗin ta cikin kurar rijiya take bi, irin ƙaramar ƙafar ƙarfen nan da igiyar guga ke gudu a kanta. In iska ta yi yawa sai ka sassauta, tamfol ya zubar da ita. Wata rana da kaka kurar ta cije saboda tsatsa. Na saki igiya, ta ƙi tafiya. Jirgin ya karkata, buhunan masarar Baffa, ƙanin mahaifinmu, suka sulale cikin ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, amma a ranar Baffa ya yanke hukunci: a cire tsumman nan, a raba jiragen, a ba masunta.

Ban saba musu da manya ba, kuma ko ni kaina ban cika yarda da aikin hannuna ba. Na yi ta juya abin a raina. Ta yiwu na yi kuskure a wurare da yawa, amma duk inda na bi sai in dawo kan kurar nan. Na kwance ta na tafi Funtuwa wajen wani mai walda da muka yi firamare tare.

“Injiniya! Yau kuma jirgin sama za mu ƙera?”

“Kura biyu nake so, da boris ɗin babur a ciki. Ɗaya mai baki biyu.”

“Rijiyar taku baki nawa gare ta?”

“Kai dai yi. Kuma ka goge gefen sosai, kada ya ci igiya.”

“In ka nutse kada ka ce ni na yi maka. Ka ce a Kano ka sayo.”

Ina bakin ruwa ina ɗaura su Baffa ya zo. Na rataya ɗaya a sandar gindin tamfol, ɗayar a katakon baya, na zira sabuwar igiya ta je ta dawo tsakaninsu, yadda hannu ɗaya zai iya ja. Ya tsaya yana kallo, hannuwansa a baya. Da alama Inna, mahaifiyata, ta yi masa magana, don ya sauko kaɗan.

“To, ɗan boko, ga sharaɗina. Ka buga turke a katakon nan, ka ɗaure igiyar tamau. Ina ka taɓa ganin an bar kaya suna reto? Ko jaki ba a yi masa haka. Sakin da ka yi ne ya kayar da ku.”

“Baffa, a yi haƙuri. Ina ganin ba haka ba ne.”

“Kana gani?”

Na ce, “Ba zan ɗaure ba. In na ɗaure, iska ta buga, kifewa za mu yi gaba ɗaya. A hannu ake riƙe ta. Komai kuka ce zan yi, ban da wannan.”

Ya ce to ƙwayar masara ɗaya ta gidanmu ba za ta hau ba, kuma jirgin da ba ya ɗaukar kayan gida ba shi da dalilin zama.

Da na faɗa wa Inna, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Nawa kason ai nawa ne. Je ka ɗauko mini masarata ta ruwa. Ka dai yi bisimilla.”

Na loda buhunanta ƙasa-ƙasa, na raba nauyin daidai, na sake dubawa, na kuma sake. Ina tsakiyar dam iska ta zo daga gabas da ƙarfinta, ruwa ya yi duhu a gabana. Na buɗe hannu, igiyar ta gudu cikin sababbin ƙarafan har tana ƙuna a tafina, tamfol ya kaɗa, jirgin ya tsaya a kan ƙafafunsa. Da ta lafa na ja a hankali, muka ci gaba.

Baffa na bakin gaɓa lokacin da na iso. Ya taɓa buhun farko ya ji a bushe.

“Sa'a ka taka,” in ji shi.

“Allah ne ya kiyaye, Baffa. Amma akwai sauran waken Inna a hayi, kuma gobe da safe zan koma.”

Bai ce in je ba. Bai kuma kira masunta ba.