Kabarin da 'Yan Ƙwallo Suka Haƙa

Jiya ina soya kitse, ƙamshinsa ya tashi, sai na tsinci kaina tsaye da ludayi a hannu, hawaye na zuba. Jikata ta ce ko hayaƙi ne, na ce mata i. Amma ku zan gaya muku gaskiya. Da kitse Yayana yake shafe ƙwallonsu ta fata, don kada zafin Matameye ya tsage ta.

A lokacin Faransawa ba su tafi ba tukuna. Babanmu yana aiki a likita, wato ɗakin shan magani na garin, shi ke yin allura da wankin gyambo. Gidanmu da na wani tsoho mai dafa wa kwamandan Faransawa abinci, mu kaɗai ne Kirista a garin. Ran Lahadi a zaurenmu muke sujada, waƙarmu ko bakin hanya ba ta kaiwa.

Yaya yana kwaleji a Damagaram tare da wasu samarin garinmu. In sun zo hutu, da la'asar sukan taru a filin bayan lakwal, wato makarantar boko, su kara da 'yan Kance ko 'yan Dungu. Shi ne mai tsaron gida, ni kuma mai kai musu ruwa a gora. Kafin a take wasa, yakan durƙusa tsakanin sandunan nan biyu ya rufe ido. Da fari dariya suke masa, har suka laƙaba masa Fasto.

"Fasto, ka roƙa mana ci fa!" in ji kaftin ɗinsu, ɗan Malam maƙwabcinmu.

"Ni dai roƙona kada a karya ƙafar kowa."

"Ashe shi ya sa kullum ake lallasa mu!"

A hankali tsokanar ta zama al'ada. Ba mai taɓa ƙwallo sai Yaya ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. In kuma an kira magariba suka yi sahu a gefen fili, shi sai ya zauna rungume da ƙwallon har su idar. Tare suke komawa gida, suna gardamar wa ya ɓata wasa.

Wata bazara, a hutun Ista, sanƙarau ya shigo gari. Yaya ya ce kansa na ciwo, kashegari wuyansa ya ƙi juyawa. Baban da ya yi wa rabin garin allura ya yi iyakar abin da ya sani. Da asuba Ubangiji ya karɓi abinsa.

Baba da tsohon nan suka kwance akwatunan katako da ake kawo magani a ciki, suka haɗa masa akwatin gawa. Har yau ina jin ƙarar ƙusar nan. Mutane sun yi ta zuwa ƙofar gida suna gaisuwa daga nesa. Ban ga laifinsu ba. Akwai tsoron ciwon, kuma ba wanda ya taɓa ganin jana'izar Kirista, balle ya san ko ya halatta ya shiga. An ba mu wuri a gindin wani gawo, can gaba da maƙabartar gari. To, amma wa zai haƙa? Ƙasar bazara kamar dutse, Baba ko tsayuwa ba ya iyawa sosai, tsohon kuma ƙarfinsa ya ƙare. Na ji Inna ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Wa zai ɗaukar mini shi?"

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Kaftin ne, bayansa sauran 'yan ƙwallon, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙasa, hannuwansu sun ɗure ruwa.

"Baba, mun gama haƙa. Mun zo ɗaukar Fasto."

Su suka ɗauke shi a kafaɗa, suna karɓa-karɓa. Malam ya biyo mu a baya da carbinsa. Ni da Inna ne kaɗai mata a wurin, don su Musulmi matansu ba sa zuwa maƙabarta.

Da muka isa, sai kowa ya yi cirko-cirko. Yaran sun haƙa irin wanda suka sani, faffaɗan rami a sama, a cikinsa kuma siriri, daidai mutum a likkafani kwance a gefensa. Sun gyara shi sumul, sun tanadi itacen rufi. Akwati ko kusa ba zai shiga ba.

Kaftin ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mu. Namu muka iya."

Baba ya dubi hannuwan nan nasu. Sannan ya ce, "A fito da shi daga akwatin. Abin da 'yan'uwansa suka haƙa masa ya ishe shi. Mai tashinsa zai same shi ko a ina."

"A'a, likita," in ji Malam. "Yaron nan bai taɓa hana su sallarsu ba. A kwantar da shi yadda kuke yi. Kai yara, ku koma cikin ramin."

Suka koma. Rana ta take tsaka, jini na fita a tafin wasunsu, suka faɗaɗa ramin har akwatin ya sauka lafiya. Baba ya buɗe Littafi zai karanta alkawarin tashin matattu, amma ya kasa, ya rufe shi. Sai ya durƙusa a bakin kabarin ya rufe ido. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗaga fartanya zai fara tura ƙasa, kaftin ya riƙe masa hannu.

"Dakata. Ba a taɓawa sai an tashi."

Haka suka tsaya a jere, shiru, kamar a filin bayan lakwal, har Baba ya ce amin.

Yanzu muna da majami'a, muna da masu haƙa mana kabari da awo, ba a kuskure. Filin nan ya zama gidaje, gari kuma ya cim ma gawon. Jikokina suna buga ƙwallon roba wadda ba ta son kitse. Wani lokaci nakan ji wa'azi mai zafi, daga lasifikar masallaci ko daga tamu, sai in tashi in tafi gindin gawon in share ganye. Kabarin Yaya ya fi na kusa da shi faɗi, gefe guda ma a karkace yake. 'Ya'yana sun so a zuba siminti a daidaita shi. Na ce muddin ina da rai, a bar shi yadda suka haƙa.