Tsohon da Ke Gwada Samfefa da Leɓe

A shagon Sarfaraz, layin kafintocin garin Ciniyot, ina jiran a auna mini ƙusa, wani tsoho mai jan gemun lalle ya tare gaba. Hannayensa sun yi kanta kamar na wanda ya tsufa yana jan amalanke. Ina jin yatsun sun daina bambance kaushi da laushi.

Ya zaro guntun katako daga aljihu, ya goge shi da samfefa, ya ɗora a leɓensa, ya girgiza kai.

"Baba-ji, teburin shayi ne fa, ba amarya ba," in ji Sarfaraz. "Wannan ta isa."

"Kai kofi kake tunani, ɗana. Jikata Mahnur ta fara tsayuwa, ga haƙori yana fitowa. Gefen teburin take kamawa ta yi ta gwaigwaya."

Sarfaraz ya yi dariya, ya hau tsani ya sauko da wadda ta fi kowace laushi. Tsohon ya goga, ya kai baki, ya lumshe ido.

"Ba ni biyu," ya ce. "Teburin kusurwa huɗu gare shi, kuma ba ta ƙyale ko ɗaya ba."