Warin Taba a Tantin Wendell Koskela

A garinmu, da zarar tafki ya daskare har ya iya ɗaukar mota, ba a tambayar inda Wendell Koskela yake. Yana can tsakiyar ƙanƙara cikin tantinsa na naɗewa, zaune kan bokiti a bakin ramin da ya huda, fatsa a dama, sigari a hagu. Motar kwashe dusar ƙanƙara daga titi ya tuƙa har ya yi ritaya, kuma mutum ne mai son komai ya bi layi: in ka yi kaza, kaza ya biyo baya. Abin da ya saɓa wa haka ba ya shiga kansa ko da guduma.

Bara zuciyarsa ta yi masa tsiya, aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. A kan gadon ne 'yarsa Tessa, ma'aikaciyar jinya a birni, ta riƙe hannunsa ta sa ya yi alkawarin barin taba. Ya yi, ya kuma cika. Ita kuwa tun tana ƙarama ta daina shiga tantin nan saboda hayaƙi, abin yana cin ransa bai taɓa faɗa ba. Sai ga shi bana ta bugo waya, wai ranar Asabar za ta zo su yi kamun kifi tare.

"Amma Baba, hancina bai mutu ba," in ji ta. "In na ji warin sabuwar taba, zan juya motata, kuma kar ka ƙara ce min ka daina."

Murna ta hana Wendell zama. Ya kafa tantin a gareji, kamar yadda kowa ke yi in ya dawo daga tafki don kar ya yi fumfuna. Ya wanke shi ciki da bai da ruwan khal, ya barbaɗe shi da garin kofi, ya jera gawayi a kwanuka, ya bar ƙofar gareji a buɗe iska mai yankan kunne ta yi ta kaɗa shi. Wari ya tafi kaf. Washegari ya leƙa, ga warin nan ya dawo, kuma ba tsohon wari ba, sabo fil, kamar yanzu aka kashe kara.

Ya sake wankewa. Ya sake dawowa.

Ya kira matarsa Marlys, wadda ta shafe aurensu kaf tana yi masa mita kan taba, mace mai jin warinta tun yana tsallaken titi. "Zo ki shinshina min wannan abin."

Ta tsaya daga bakin ƙofa. "Ni ban ji komai ba, tsoho. Rufe garejin nan kafin ka kashe mu da sanyi."

Nan kansa ya ƙara kullewa. Ya garzaya wajen abokinsa Orville mai sayar da ƙananan kifin da ake maƙala wa fatsa, ya zayyana masa komai. Orville ya yi dariya har da tari.

"Kai dai tsohon banza, faɗi gaskiya mu rufa maka asiri!"

"Na rantse ban sha ba."

"To cikin barci kake tashi ka zuƙa. Ƙanin babana haka ya riƙa cinye mana naman firji, da safe ya hau zagin kare."

Wasa Orville yake yi, amma maganar ta zauna wa Wendell. Ya koma shinshinar yatsunsa in ya farka. Ya zazzage aljihunan rigunansa, ya duba ƙarƙashin kujerar mota. Tsoro ya kama shi sosai, don in mutum ya kai ga ba ya iya shaidar kansa, me zai ce wa 'yarsa?

Ana gobe Asabar, da hantsi, ya fita ƙaro gawayi. Bai yi nisa ba ya tuna ya bar safar hannunsa, ya juyo. Yana tura ƙofar gareji ya ga hayaƙi siriri yana fita ta 'yar tagar saman tantin. Ya zuge zif ɗin. Marlys ce zaune kan bokitinsa cikin rigar sanyinsa, sigari tsakanin yatsunta, ta riƙe shi a karkace irin na ɗan koyo.

Ya tsaya baki sake. "Ke?"

"Ranar da aka kai ka asibiti tantin nan yana kafe a gareji, na shigo ciki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gidan ya yi min faɗi. Nan ne kawai ke warinka. Na ga kwalin sigarinka a aljihun tanti, na kunna ɗaya don warin ya ƙaru. Kai ka warke ka daina, ni na kasa." Ta share ido da bayan hannu. "Kar ka gaya wa Tessa. Kullum da ni take yi maka misali."

Wendell ya dube ta. Tausayi ne, haushi ne, shi kansa bai sani ba. Suka haɗu suka wanke tantin tare, amma yadi ya riga ya sha hayaƙi.

Asabar da safe Tessa ta iso da fara'arta, har da sabuwar hular ulu da ta sayo masa. Ta shiga gareji za ta taya shi naɗe tanti, ta sunkuya ta sa kai ciki. Ta daɗe a haka. Da ta fito fuskarta ta sauya, idonta a kansa.

Marlys, daga bakin ƙofar kicin, ta buɗe baki. "Tessa, bari in..."

"Ni ne," Wendell ya tari numfashinta. "Kara ɗaya ne kawai."

Tessa ta ajiye hular kan bokiti a hankali, ta laluba makullin motarta.